Yadda ake kula da shingen jiran zaruruwa a laburaren manhaja

Idan manhaja ta raba lissafi tsakanin zaruruwa takwas (zare, thread a Turance, shi ne layin aiki guda da ke gudana a cikin manhaja), kowane zare yana aikin yankinsa kafaɗa da kafaɗa da sauran, akwai inda dole kowa ya dakata ya jira 'yan'uwansa kafin a shiga mataki na gaba. Abin da ke tsare su a wannan wuri shi ne shinge. Tun farko ake faɗa masa adadi, a ce takwas. Duk zaren da ya iso sai ya tsaya, har na takwas ya zo, sannan a sake su gaba ɗaya. A tsarin POSIX, wato ƙa'idar bai-ɗaya ta tsare-tsaren aiki dangin Unix, kira uku ne ke ɗauke da aikin: pthread_barrier_init, pthread_barrier_wait da pthread_barrier_destroy. Suna cikin ƙa'idar 2001 a matsayin na zaɓi, sai ƙa'idar 2008 ta wajabta su. Duk da haka macOS ba ta kawo su ba, shi ya sa masu laburaren da ke son ya yi aiki a ko'ina sukan rubuta nasu shingen, kuma su ne za su ci gaba da ɗawainiyarsa.

Abu ɗaya ne ya kamata mai wannan ɗawainiya ya riƙe: zagaye ba ya ƙarewa a lokacin da zare na ƙarshe ya iso, sai lokacin da zare na ƙarshe ya fita. Tsakanin isowa da fita akwai tazara, wani lokaci ƙiftawar ido, wani lokaci mai tsawo idan tsarin aiki ya ƙwace furosesa daga hannun zare. Kusan duk ɓarnar da ake samu a shinge a cikin wannan tazarar take ɓuya.

Alkawuran da ba a taɓawa

Kafin ka canza layi ko ɗaya, rubuta abin da shingen ya yi wa masu amfani da shi alkawari, ka ajiye a saman fayil ɗin. Babu zaren da zai wuce kafin adadin ya cika. Zare ɗaya tak a kowane zagaye zai karɓi amsar PTHREAD_BARRIER_SERIAL_THREAD, wadda a glibc, laburaren C na GNU, darajarta -1 ce, sauran su karɓi sifili; wannan zaren shi za mu kira jagora. Ƙa'ida ba ta ce wane zare ba ne, don haka kada takardun laburarenka su yi alkawarin cewa na ƙarshe ne. Da zarar an sake su, shingen ya koma yadda yake da farko, a shirye don sabon zagaye ba tare da an sake kafa shi ba. Duk abin da wani zare ya rubuta a memori kafin shingen, kowa zai gan shi bayan shingen. Idan aka ba da adadin sifili wajen kafawa, amsa EINVAL ce. Idan sigina ta katse zaren da ke jira, bayan an sallame ta zai koma jiransa, ba zai fito da EINTR ba.

Saura ɗaya, wanda aka fi mantawa: an halatta wa kowane zare ya rusa shingen da zarar nasa kiran jira ya dawo. Za mu komo kansa, don shi ya fi cin lokaci.

Gini mafi sauƙi da yake daidai

Da makulli ɗaya (mutex, wanda zare ɗaya kaɗai ke riƙewa a lokaci guda) da wuraren sanarwa biyu (inda zare ke kwanciya har a tashe shi) ana samun shinge mai cika duk waɗannan alkawura:

typedef struct {
    pthread_mutex_t makulli;
    pthread_cond_t  saki;
    pthread_cond_t  wofi;
    unsigned adadi, sun_iso, zagaye, a_ciki;
} shinge_t;

int shinge_jira(shinge_t *s) {
    int amsa = 0, tsoho, shara;
    pthread_setcancelstate(PTHREAD_CANCEL_DISABLE, &tsoho);
    pthread_mutex_lock(&s->makulli);
    unsigned zagayena = s->zagaye;
    s->a_ciki++;
    if (++s->sun_iso == s->adadi) {
        s->sun_iso = 0;
        s->zagaye++;
        pthread_cond_broadcast(&s->saki);
        amsa = SHINGE_JAGORA;
    } else {
        while (zagayena == s->zagaye)
            pthread_cond_wait(&s->saki, &s->makulli);
    }
    if (--s->a_ciki == 0)
        pthread_cond_broadcast(&s->wofi);
    pthread_mutex_unlock(&s->makulli);
    pthread_setcancelstate(tsoho, &shara);
    return amsa;
}

Dubi abin da mai jira yake jira: canjin lambar zagaye. Ba ya kallon sun_iso ko kaɗan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta masa ya jira har sun_iso ta koma sifili. A ce zaruruwa huɗu ne. Na huɗu ya iso, ya mayar da ƙidaya sifili, ya tashe kowa, ya fita a guje, ya gama ɗan aikinsa, ya sake shigowa zagaye na biyu, ƙidaya ta zama ɗaya. Sai yanzu zare na farko ya samu makullin, ya duba, ya ga ɗaya ba sifili ba, ya koma barci. Shi yana jiran zagayen da ya riga ya wuce, mai saurin yana jiransa a zagaye na biyu, manhaja ta cije har abada. Irin wannan rige-rigen yana iya yin makonni bai bayyana ba a kwamfutar mai rubutu, ya bayyana rana ɗaya a sabar da aiki ya yi wa yawa.

Madaukin while ɗin ma ba ado ba ne. POSIX ta yarda pthread_cond_wait ya dawo ba tare da kowa ya tashe shi ba. Wanda ya mayar da while ta zama if ya buɗe ƙofar da zare zai tsallake shinge kafin lokaci, kuma wannan ya fi cijewa muni, domin cijewa ana ganinta, shi kuwa wannan lissafi kawai zai lalata a ɓoye.

A kwatanta zagaye da alamar daidaito kawai, kada a yi amfani da "ya fi girma" ko "bai kai ba". Lamba mai bit 32 tana cika a 4,294,967,296 ta koma sifili. Shingen da ke zagaye miliyan ɗaya a daƙiƙa zai kai nan cikin kusan minti 72. Da gwajin daidaito juyawar ba ta cutar da komai.

Wasu sukan rage lambar zagaye ta zama bit ɗaya da ake juyawa, sifili, ɗaya, sifili. Wannan ya wadatar muddin zaruruwan da ke amfani da shingen daidai suke da adadinsa, saboda zagaye na gaba ba zai cika ba sai da zaren da ya yi nawa wajen farkawa. Amma a laburare na kowa da kowa ba ka da wannan tabbacin. Wani zai kafa shinge mai adadi huɗu ya tura masa zaruruwa takwas. Nan wasu huɗu dabam za su iya cika zagaye na gaba tun mai nawar bai farka ba, bit ɗin ya juya sau biyu ya dawo yadda ya bar shi, shi kuma ya zaci ba a sake shi ba. Cikakkiyar lamba ta fi aminci, kuma ba ta ƙara tsadar komai.

Kiran pthread_setcancelstate da ke farko da ƙarshen ginin na sama ya shafi soke zare ne, wato wani ya nemi a tsayar da zare kafin ya gama. pthread_cond_wait wuri ne da ake iya soke zare, pthread_barrier_wait kuwa ba ya cikin wuraren da ƙa'ida ta lissafa. Idan ka gina na biyu a kan na farko ba ka kashe sokewa ba, za a iya kashe zare a tsakiyar jira, ya mutu riƙe da makulli, an kuma riga an ƙirga shi a cikin waɗanda suka iso.

Rusawa

Ga yadda mai amfani yake rubutawa, kuma yana da gaskiya: kowa ya jira a shinge, wanda ya karɓi amsar jagora ya kira rusawa, ya mayar da memorin da free. A ganinsa an gama, ai kowa ya iso. Amma sauran zaruruwan an tashe su ne kawai, ba su fita ba. Har yanzu kowannensu zai sake kama makullin, ya karanta lambar zagaye, ya buɗe makullin. Idan an riga an mayar da memorin, wani sashe na manhajar ya karɓe shi ya zuba nasa bayanan, to zaruruwan nan suna rubutu a gonar wani. Alamarsa faɗuwar manhaja a wurin da ba shi da alaƙa da shinge sam, abin da ke sa a yi kwanaki ana nema a inda babu.

Ba ƙananan laburare kaɗai wannan ya kama ba. A glibc kanta an shigar da shi a matsayin matsala mai lamba 13065, kuma sai a fitowa ta 2.23, a 2016, aka sauya shingen da sabon tsari mai ƙirga masu shiga da masu fita dabam dabam, inda rusawa ke jira har ƙidayar fita ta kamo ta shiga.

A ginin da ke sama a_ciki ce ke wannan aikin. Mai rusawa zai kama makulli. Idan sun_iso ba sifili ba ce, akwai masu jiran zagayen da bai cika ba, sai ya buɗe ya dawo da EBUSY. In ba haka ba, ya jira a kan wofi har a_ciki ta koma sifili, ya buɗe makullin, sannan ya rusa wuraren sanarwa biyun da makullin. Abin lura a nan: sanarwar wofi dole ta fita tun makullin yana hannun mai fita na ƙarshe. Wani mai neman sauri zai so ya matsar da ita bayan buɗe makulli, kamar yadda ake yi a wasu wurare. A nan kada a yi. Da zarar ya buɗe, mai rusawa na iya shiga ya ga sifili ya rusa komai, sai sanarwar ta faɗa kan abin da babu shi. Dokar ita ce buɗe makulli ya zama taɓawa ta ƙarshe da zare zai yi wa shingen, kuma POSIX ta yarda a rusa makulli da zarar an buɗe shi.

Idan aka bar makulli aka koma atomik

Makulli yana da tsada idan zagaye gajere ne, don haka laburare da yawa sukan koma ƙidayar atomik, wadda ake canzawa a taki ɗaya ba tare da makulli ba, da futex, hanyar Linux ta kwantar da zare da tashinsa. Ribar gaskiya ce, amma duk abin da makulli yake yi maka kyauta yanzu ya dawo wuyanka.

Na farko jerin gani a memori. Ƙarin da kowane zare ke yi wa ƙidayar isowa ya kasance memory_order_acq_rel, domin na ƙarshe ya tattara rubutun duk waɗanda suka riga shi. Rubutun sabuwar lambar zagaye ya kasance release, karatun masu jira ya kasance acquire. Kuma a mayar da ƙidaya sifili kafin a rubuta sabon zagaye, ba bayansa ba, in ba haka ba mai sauri zai shigo ya ƙara ɗaya, a zo a share masa. Wanda ya sa relaxed a waɗannan wurare zai iya cin duk gwaje-gwajensa a x86, domin wannan furosesa ba ya yawan sauya jerin rubutu da karatu. ARM kuwa yana sauyawa. Shingen da ba a gwada a ARM64 ba, ko da a kan Raspberry Pi ne, ba a gama gwada shi ba.

Na biyu barci da tashi. FUTEX_WAIT yana karɓar adireshin lamba mai bit 32 da darajar da kake tsammani. Idan ta riga ta canza zai dawo nan take da EAGAIN, kuma wannan ne ke hana tashin ya ɓace tsakanin dubawa da kwanciya. Ka ba shi lambar zagayen da ka karanta tun shigowa, ka sa kiran cikin madauki, ka ɗauki EAGAIN da EINTR da dawowa ba dalili duk a matsayin "sake dubawa". Mai saki ya kira FUTEX_WAKE da INT_MAX don ya tashe kowa.

Na uku shingen da ake rabawa tsakanin manhajoji biyu ta memori ɗaya, wanda ake nema da PTHREAD_PROCESS_SHARED. A nan ba a ajiye manuni, wato adireshin memori, a cikin shingen, domin adireshi ɗaya ba ya nufin wuri ɗaya a ɓangarorin biyu, kuma ba a sa FUTEX_PRIVATE_FLAG, in ba haka ba tashin wannan ɓangare ba zai kai wancan ba.

Sannan girman tsarin kansa. A glibc pthread_barrier_t bait 32 ne a x86-64, bait 20 a x86 mai bit 32, kuma manhajojin da aka riga aka harhaɗa sun ware masa wannan wurin ne kawai. Idan naka laburaren ya bayyana girman shingensa a fayil ɗin kai, ƙara masa fili ɗaya yana nufin tsofaffin manhajoji za su ba ka wuri ƙarami ka rubuta ya zarce. Sa static_assert a kan girman, yadda harhaɗawa za ta tsaya idan wani ya ƙara abu.

Jiran tsaye ko barci

Kwantar da zare da tashinsa yana bi ta kanel, zuciyar tsarin aiki, yana cin lokaci. Idan sauran na dab da isowa, gara zare ya ɗan tsaya yana duba lambar zagaye kafin ya kwanta. Windows, wadda ta kawo InitializeSynchronizationBarrier tun Windows 8, tana duba sau 2000 idan aka ba ta -1. A OpenMP, tsarin raba lissafi tsakanin zaruruwa, ana juya wannan hali da OMP_WAIT_POLICY, a libgomp, laburarensa na GNU, kuma akwai GOMP_SPINCOUNT.

Jiran tsaye yana da riba ne kawai idan kowane zare yana da ƙwayar furosesa (core) tasa. Zaruruwa 16 a kan ƙwayoyi 8, masu jiran tsaye suna ƙona lokacin da wanda ake jira yake bukata don ya iso. Don haka jiran ya kasance mai iyaka, a kuma kashe shi gaba ɗaya idan adadin shingen ya fi ƙwayoyin da ake da su. A ƙirga ƙwayoyin da sched_getaffinity, wanda ke faɗin inda aka yarda manhajar ta gudana. Sysconf yana faɗin na injin gaba ɗaya, kuma a cikin kwantena, inda ake killace manhaja da wani ɓangare na injin, wannan lambar tana yaudara. A cikin madaukin a sa umarnin pause a x86. Amma a sani tsawonsa ba ɗaya ba ne: Intel ta ƙara shi daga kusan bugu 10 zuwa kusan 140 a zuriyar Skylake, don haka iyakar da aka auna a tsohon inji za ta yi tsawo ninki goma da wani abu a sabo. Duk lokacin da aka canza inji a sake aunawa.

Lambar da masu jira ke kallo da ƙidayar da masu isowa ke ƙarawa kada su zauna a layin ma'ajiyar kusa ɗaya (cache line, guntun memori da furosesa ke ɗaukowa gaba ɗaya), idan girman tsarin ya ba ka dama. Layin bait 64 ne a x86, 128 a Apple M1. Idan suna tare, kowace isowa tana tilasta wa duk masu jira su sake ɗauko layin.

Idan zaruruwa sun kai gommai, ƙidaya ɗaya tilo ta zama ƙofar da kowa ke cunkoso a kanta. Nan ake komawa shingen bishiya, inda ake haɗuwa biyu biyu ko huɗu huɗu ana hawa sama, ko shingen yaɗawa, inda a mataki na k zare mai lamba i ke sanar da zare mai lamba i + 2^k, ana zagayowa idan an wuce ƙarshe. Zaruruwa 64 mataki shida ya ishe su. Kada a yi gaggawar wannan sauyin. Ga zaruruwa huɗu ko takwas ƙidaya ɗaya ta wadatar, kuma kowane ƙarin mataki ƙarin wuri ne da rusawa za ta jira a tabbatar an fita.

Abin da za a gaya wa masu amfani

Kurakurai biyu na masu amfani ne, amma ƙorafinsu wajenka zai zo, don haka rubuta su a takardun laburaren.

Amsar jagora ba ta tsayar da kowa. Idan jagora zai musanya tsohon teburin lissafi da sabo, sauran sun riga sun wuce suna karatu. Ana bukatar jira biyu: shinge, aikin jagora, shinge kuma. std::barrier na C++20 da CyclicBarrier na Java sun bambanta a nan, domin suna karɓar aikin kammalawa su gudanar da shi kafin a saki kowa. Wanda ya saba da su ya dawo POSIX yakan faɗa wannan ramin.

Na biyu, zaren da ya fita daga madaukinsa da wuri saboda kuskure ya bar sauran suna jira har abada, kuma shingen POSIX ba shi da wa'adi ko hanyar fasa jira. Java da Python suna da yanayin "shinge ya karye", inda duk masu jira ke farkawa da kuskure. C++20 tana da arrive_and_drop mai rage adadin zagaye masu zuwa. Idan za ka ƙara irin wannan a naka, tutar karyewa ta shiga sharaɗin while tare da lambar zagaye, a ɗaga ta a ƙarƙashin makulli, kuma masu fita da kuskure su ma su rage a_ciki.

Gwaji bayan kowane gyara

Gwajin tushe shi ne kowane zare ya rubuta lambar zagaye a gurbinsa, a jira, kowa ya karanta gurbin kowa ya tabbatar daidai suke, a sake jira, a maimaita sau miliyan. Gurabun su zama lambobi na yau da kullum, ba atomik ba, domin shingen kaɗai ake so ya riƙe jerin. A ƙirga amsoshin jagora: dole su yi daidai da yawan zagaye. A gudanar da shi da adadi 1, 2, 3, da daidai yawan ƙwayoyi, da ninki huɗunsu, sannan a ɗaure shi a ƙwaya ɗaya da taskset -c 0, wanda ke fito da jerin gudu da ba a gani a injin da ke sake. A watsa ɗan jinkiri na ba-zata kafin jira da bayansa.

Rusawa tana bukatar gwajinta dabam: a ware shinge da malloc, zagaye ɗaya, jagora ya rusa ya mayar nan take, a maimaita dubban sau a ƙarƙashin -fsanitize=address. Sai a sake harhaɗawa da -fsanitize=thread don kama rige-rige; ba a haɗa su biyun a gini ɗaya. A ƙara gwajin da ke fara lambar zagaye daga UINT_MAX - 2 don a ga juyawa cikin zagaye uku, da wanda zaruruwa suka ninka adadin shingen, da wanda ake jefa wa masu jira sigina da pthread_kill.

Kowane gwaji ya samu wa'adi, a ce daƙiƙa 60, domin shingen da ya lalace ba ya ihu, shiru yake yi. Idan wa'adin ya cika kada a kashe manhajar tukuna. A haɗa gdb, manhajar binciken kurakurai, a buga thread apply all bt, sannan a buga filayen shingen. Idan sun_iso ta gaza adadi da ɗaya kuma akwai zaren da ba ya cikin jira, matsalar ta mai kira ce, a bi wancan zaren a ga inda ya tsaya. Idan kowa yana cikin jira amma zagayena na wani ya bambanta da zagaye, an sake shi tashin bai kai gare shi ba, sai a duba hanyar sanarwa. Idan kuwa filayen sun cika da lambobin da ba su da ma'ana, an rusa shingen da mutane a ciki, a koma kan ƙidayar fita.